Gwajin tsoka ana cikin tiyata: aikin harshen Kawu

Wata biyar Kawu yana fama da gyambo a gefen harshe, mu kuwa muna ta ɗura masa zuma, a zatonmu haƙori ne ke gogarsa. Da aka ɗebi tsoka aka auna, sai ga sankara. Mutum ne da ya fi shekara 30 yana zuƙar taba a rumfarsa ta Ƙofar Ƙaura. Daga Katsina aka tura mu wani asibitin koyarwa.

Gwajin da suke yi mara lafiya yana kwance cikin barcin allura, shi ne abin yabon. Likitan ya zana mini harshe a bayan katin asibiti, ya ce: "Malam, nan ba cinya ba ce da za a yanka a wadace. In na rage, cutar ta dawo. In na zarce, magana da haɗiya su tafi." Abin da suke nema shi ne lafiyayyen nama na milimita 5 kewaye da ƙarin. Don haka da an cire, sai a kai gefunan ɗakin gwaji, a daskarar da su a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifili, a yanyanka sirara, a rina, likitan tsoka ya duba a madubin ƙara girma. Kamar minti 20, amsa ta dawo.

Ina zaune kan benci da carbi, sau biyu na ga nas ta wuce da 'yar roba a rufe, kamar za ta tashi sama. Ashe na farko ya nuna gefen baya bai fita ba, aka ƙara yanka. Na biyu ya fito tas.

Inda suka ɓata mini rai: kuɗin gwajin daban ne, kuma ba wanda ya faɗa sai safiyar aikin, na dinga buga waya gida neman ciko. Sannan sakamakon ba shi ne na ƙarshe ba, sai da muka jira cikakken gwaji kwana goma, zuciya a hannu.

Wani masanin kimiyya, Zoltan Takats, ya ƙera wuƙar iKnife mai auna hayaƙin naman da ake yankawa, ta ba da amsa cikin daƙiƙoƙi. Namu na minti 20 ma na gode Allah.

Kawu ya koma rumfa. Harafin "ra" yana ba shi wuya, tuwo sai da miya mai yawa, amma jiya da kansa ya yi wa wani dillali faɗa har maƙwabta suka leƙo.