Sikelin Auna Kitse da Tsoka: Ya Ƙware a Nauyi, Sauran Kuwa Kiyasi Ne

Sikelin nan na gilashi da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ya samu karɓuwa wajen matan da suka fara ɗaga ƙarfe, domin yana alkawarin faɗa miki yawan kitse da tsokar da ke jikinki. Wajen auna nauyi ba shi da laifi, matuƙar kin ajiye shi a daɓe mai tauri. A kan kafet ne yake kaucewa.

Sauran alƙaluman ne abin dubawa. Farantai 4 na ƙarfe da ke samansa suna tura 'yar ƙaramar wutar lantarki wadda ba a jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fito ta ɗaya. Kusan kashi 75 cikin 100 na tsoka ruwa ne, don haka wutar na ratsa ta cikin sauƙi, shi kuwa kitse yana tare ta. Na'urar sai ta haɗa wannan da tsayi da shekaru da jinsin da kika shigar, ta fitar da kiyasi. A taƙaice, ruwan jiki take bibiya. Kuma tunda wutar a ƙafafu da ƙugu take yawo, wadda ta shafe watanni tana gina kafaɗa da damtse ba lallai ta ga amfanin wahalarta a allon ba.

Shi ya sa lambobin ba sa zama wuri guda. Gab da zuwan al'ada jiki na riƙe ruwa, nauyi ya ɗan hau, lissafin kitse ya rikice. Gumi bayan atisaye, cin abinci mai gishiri, har kaushin dunduniya da ke hana fata taɓa ƙarfen sosai, duk suna sauya sakamako. Akwai kuma maɓallin 'yan wasa: kina danna shi kitsen zai ragu nan take, alhali tsarin lissafin kawai aka sauya.

Inda na fi ganin aibu shi ne tallan da manhajarsa ta waya. Hotunan da ake tallata irin wannan kaya da su na mata ne masu ciki a shafe da tsoka a jere, irin waɗanda suka cika Instagram. Ana ɗaukarsu ne da haske na musamman, an ɗaure numfashi, sau da yawa bayan makonni na takura cin abinci, wani lokacin ma an gyara da kwamfuta. Sai manhajar ta shafa wa lambarki jan launi, ki ɗauka kin gaza. Alhali ga mace 'yar shekara 20 zuwa 39, kitse kashi 21 zuwa 33 yana cikin ma'aunin lafiya. Idan mace ta daɗe tana cin ƙasa da abin da jikinta ke ƙonewa don neman waccan siffa, al'ada na iya ɗaukewa, ƙashi ya yi rauni. Gina tsoka kuma tafiyar hawainiya ce. Sauyin mako guda ya yi ƙanƙanta da sikelin zai iya kama shi.

Idan kina da shi, ki hau da safe bayan kin yi fitsari, kafin ci ko sha, ba takalmi ba safa, a wuri ɗaya kullum. Ki kwatanta wannan wata da wancan a rana ɗaya ta zagayen al'adarki. Ki haɗa da tef ɗin awo a ƙugu da cinya, da rubuta kilo nawa kike iya ɗagawa, domin waɗannan sun fi shi gaskiya.

Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ta hau shi. Ga mai juna biyu lissafinsa ba ya aiki. Wadda kuma ta lura lambar safe ce ke yanke mata ko za ta ci abinci ranar, ta ajiye shi, ta nemi likita.