Kodály ko Dohnányi? Ni dai ga wanda zan ce ka saya

Malam, tunda ka ce kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kuma kana tsakanin na Kodály da na Dohnányi, marubuta kiɗan nan biyu 'yan ƙasar Hangari, ɗauki Kodály. Dukansu biyun suna nan a kan kantata, kuma masu kiɗan ma ɗaya ne: Maria Kliegel ce a kan celo (babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu), Jenő Jandó a kan piyano, bugun kamfanin Naxos. Ka ga ke nan ba gwanintar hannu ce ta raba su ba, abin da aka rubuta musu su kaɗa ne ya bambanta.

Na Kodály (Kodai ake faɗa, kada ka wahalar da harshenka) na tsince shi ne a wani shagon tsofaffin fayafayai a Budapest lokacin ina karatu a Hangari, cikin hunturun da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe gari. Na koma ɗaki, na haɗa shayi, na saka shi da niyyar in riƙa ji ina bitar takardu. Sonata (dogon kiɗa mai sassa, babu waƙar baki) mai lamba Op. 4, wato lambarta a jerin ayyukansa, da celo shi kaɗai take farawa, a hankali, murya can ƙasa kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya soma labari. Sai piyano ya shigo da sanɗa, ba ya katse shi. Wallahi ban ankara ba shayin ya huce, takarda kuwa ko layi ɗaya ban karanta ba. Wanda ya taso yana jin goge ko kukuma, kunnensa ba zai yi baƙunta ba, domin tsirkiyar nan magana take yi, tana ja tana saki yadda mawaƙi yake yi da numfashinsa.

Ba kuwa banza ba. Tun 1905 Kodály yake bin ƙauyukan ƙasarsu yana naɗar waƙoƙin manoma, daga baya shi da abokinsa Béla Bartók, sannan ya leƙa Paris ya jiyo salon Debussy, marubucin kiɗa Bafaranshe. Abin da ya kwaso nan da can shi ya zuba a wannan sonata, wadda aka fara kaɗawa a Budapest a 1910, Bartók da kansa yana zaune a kan piyano. Sashe uku ya tsara mata da fari, amma na farkon bai kwanta masa ba, ya cire shi. Saboda haka in ka ga sashe biyu kacal a bayan kwali, ba a yanke maka komai ba, haka take. Na biyun rawa ne, mai tsalle da zolaya, amma dab da ƙarshe sai ya koma wa muryar dattijon nan ta farko, ya lafa a hankali har ya yi shiru. Duka-duka ba ta wuce minti ashirin. Har yau in an ɗauke wuta da dare, gida ya yi tsit, ita nake nema.

Ga kuma gyara. A faifan akwai sonatarsa ta celo zalla, Op. 8, ta 1915, kusan rabin awa babu piyano ko kaɗan. Ya sa a sassauta tsirkiyoyi biyu na ƙasa, sautin ya ƙara zurfi, har wani wurin sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗan. In ta kama ka, daga baya ka nemi ta János Starker, gwanin celo, wanda ya kaɗa ta a gaban Kodály tun yana yaro.

Dohnányi fa? Sonatarsa ta 1899 ce, sashe huɗu, yana ɗan shekara ashirin da biyu ya rubuta ta. Aiki ne mai tsabta, ban ce ba. Amma rufe ido ka saurara, za ka ce kiɗan Brahms ne, marubucin kiɗa Bajamushe, kuma da yake shi gwanin piyano ne, piyanon yakan cika wuri har celo ya koma kamar baƙo a gidansu. In ƙamshin Hangari kake nema, kaɗan za ka samu. Nawa ya fi shekara ban buɗe shi ba.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka, don ni an taɓa yi mini. Ka lura, dukansu biyun suna da Op. 8. Ta Dohnányi celo da piyano ce, ta Kodály celo ne tsagwaronsa. Wasu masu sayarwa a intanet sai su rubuta “sonatar celo Op. 8, Hangari” su yi shiru, wanda ya zo hannu su tura maka. Kada ka biya ko sisi sai an turo maka hoton bayan kwalin, ka karanta jerin waƙoƙin da idonka, ka ga Op. 4 a rubuce.

Sannan a juya maka faifan a hoto. Na taɓa yi wa wani abokina odar irinsa daga wani mai talla da hotunansa suka yi kyau sosai. Da kaya suka iso, bayan faifan kore-kore ne, an manna masa takarda a fuska, babu ɗan littafin ciki, kuma yana kaiwa tsakiyar sashe na biyu sai ya hau tsalle. A kwamfuta aka kwafa. Na asali bayansa fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi zagaye da ramin tsakiya. Na kira lambar mutumin ya fi sau goma, a kashe. Haka masu tsofaffin fayafayan garmaho na Starker, kowa “bugun farko” yake cewa ya tsuga kuɗi. Bar su tukuna sai idonka ya buɗe.

Kafin ka tura kuɗi, saurari minti uku na farkon Op. 4 a YouTube, da abin ji a kunne, ba lasifikar waya ba, domin waya takan cinye muryar ƙasa ta celo. In minti ukun nan ba su taɓa ka ba, ka yi mini magana a gefe, in ba ka Dohnányina kyauta.