Dragon City ko Pokémon GO?

Duka biyun wasannin waya ne da ake sauke su kyauta, amma halinsu ya sha bamban. Dragon City, wanda kamfanin Social Point ya fitar a Facebook a 2012, wasan mai haƙuri ne. Ka haɗa dodanni biyu, ka zuba ido ƙwai ya ƙyanƙyashe, wani lokacin har ka kwana. In ka ƙosa sai ka sayi lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan da ke rage jira, nan ne fa aljihu ke fara yoyo.

Pokémon GO na 2016 kuwa sai ka taka sayyada: ƙwansa ba ya fashewa sai ka yi tafiya, misali ta kilomita 2, 5 ko 10. Ga zuƙe caji. Ni dai da zafin Afrilu, gara in zauna a inuwa in yi kiwona.