Gwajin hasasiyyar gyaɗa a wani asibitin kuɗi na Jidda: yadda na same shi

Duk lokacin da na sha kunun gyaɗa ko na ci miyar taushe, sai cikina ya kumbura, iska ta cika ni, in kwana ina gyatsa. A gidan Bahaushe kuwa, ko a Jidda yake, ina za a kai gyaɗa? Tana cikin yajin tsire da ƙuli-ƙuli da man suya. Maƙwabta suka ce hasasiyya ce, wato jikina ne ba ya karɓar gyaɗa, in bar ta kwata-kwata. Shi ya sa na je aka gwada ni.

Abin da ya fi burge ni likitar ce, wata 'yar Sudan. Ba ta taɓa allura ba sai da ta gama yi min tambayoyi. "Hajiya, leɓenki yana kumbura? Borin jini yana feso miki? Maƙogwaro yana shaƙewa? Bayan minti nawa abin yake farawa?" Na ce babu ko ɗaya, kuma sai can cikin dare cikin ke tashi. Ta bayyana min cewa hasasiyya ta gaskiya garkuwar jiki ce ke yaƙar abincin, alamunta kan bayyana cikin mintoci zuwa awa 2, kuma ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ita. Kumburin ciki shi kaɗai galibi matsalar narkewa ce. Ta san gyaɗa irin sanin da muka yi mata, don su ma suna da dakwarsu da agashe, ban sha wahalar yi mata bayanin kunu ba.

Gwajin kansa ba wuya. An ɗiga ruwaye a damtsena, aka ɗan tsikari fatar, na jira minti 15. Ɗigo ɗaya na histamin ne, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi a jiki, dole ya yi ƙuraje don a tabbatar fatar na amsawa, kuma ya yi, da ƙaiƙayi sosai. Wurin gyaɗa ko ja bai yi ba, wato gwajin bai nuna hasasiyya ba. A kula, sai an daina shan maganin ƙaiƙayi kwanaki kafin ranar, in ba haka ba sakamakon ya ɓaci. Sun faɗa min wannan tun a waya, na yaba musu.

Inda raina ya sosu shi ne wajen biyan kuɗi. Ma'aikacin ya dage sai in ƙara wani gwajin jini na IgG mai jera abinci barkatai, kuɗinsa ya ninka na gwajin fata. Da na koma wurin likitar, ta ce ƙungiyoyin likitocin hasasiyya ba su yarda da shi ba, domin abin da yake nunawa kawai shi ne kin saba cin abincin. Ina tausayin 'yar uwar da za ta biya wannan kuɗi, ta dawo gida ta haramta wa kanta madara da alkama da ƙwai a banza.

Shawarar da ta ba ni ta yi aiki. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, ga ta dangin wake, don haka tana daɗewa a ciki. Na rage yawa, na daina shan kunu mai kauri da daddare, ina tsince duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ɗaci saboda gubar aflatoksin. Kumburin ya ragu ƙwarai, kodayake ranar da na zarce yakan dawo.

Wanda ciki kawai ke damunsa, ya fara rubuta abin da ya ci da lokacin da ciwon ya tashi kafin ya kashe riyal ɗinsa. Amma yaron da fuskarsa ke kumbura ko numfashi ke sarƙe masa bayan cin gyaɗa, wannan ba na jiran alƙawarin asibiti ba ne: a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take, allurar adirenalin yake buƙata. Iyayensa kuma su riƙa duba bayan kwalin biskit da cakulan, inda ake rubuta "ful sudani", wato gyaɗa da Larabci.