6 Feet Deep ko Mystic Stylez: wanne ya fi, wanne ya bar baya?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin kundin 6 Feet Deep na Gravediggaz da Mystic Stylez na Three 6 Mafia wanne ya fi, kuma wanne ne tushen gambarar ban tsoro da Amurkawa ke kira horrorcore. Ka ƙara da cewa wani ya gaya maka duk masu bautar Shaiɗan ne, shi ya sa kake ɗari-ɗari.

Batun tushe dai gajere ne: babu ko ɗaya a cikinsu. Tun ƙarshen shekarun 1980 Geto Boys a Houston da Esham a Detroit suke waƙar kisa da hauka da wutar jahannama. Waɗannan kundaye biyu sun zo ne a 1994 da 1995, sun tarar da hanya a share. Abin da ya sa ake yawan jera su wuri ɗaya shi ne wata tara kacal ke tsakaninsu, amma in ka saurare su a jere za ka rantse ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba.

Gravediggaz taron waɗanda kasuwa ta yi wa korar kare ne. Prince Paul, wanda ya haɗa su, ba ƙaramin mutum ba ne a lokacin: shi ya haɗa kiɗan kundin farko na De La Soul a 1989, kundin da ya yi tashe ƙwarai. Amma kafin a je ko'ina sai kasuwa ta juya masa baya, ƙaramin kamfanin da aka buɗe masa ya mutu bai fitar da kundi ko ɗaya ba. Cikin wannan takaici ya kira mutum uku da su ma suka taɓa zama ƙarƙashin kamfanin Tommy Boy suka fita ba daɗi: Frukwan, abokin tafiyarsa a ƙungiyar Stetsasonic, da Too Poetic, da wani matashi da ya fitar da faifai a 1991 da sunan Prince Rakeem bai karɓu ba. Wannan matashin shi ne RZA. Kowa ya ɗauki laƙabin maƙabarta, wannan mai binne gawa, wancan mai tsaron ƙofa, ɗaya mai ɗaukar rai, RZA kuma mai tayar da matattu. Abin dariya, Prince Paul ɗan Amityville ne, garin nan na jihar New York da sunansa ya shahara saboda fim ɗin gidan aljanu.

Sun naɗi waƙoƙin gwaji tun farkon shekarun 1990, aka yi ta yawo da su ofis-ofis babu mai so. Sai da ƙungiyar Wu-Tang Clan ta RZA ta yi tashe a 1993 sannan aka tuna ashe akwai wani kaset a ajiye. Kamfanin Gee Street ya ɗauke su, kundin ya fito a watan Agusta na 1994, ya kai lamba 36 a jadawalin Billboard 200.

Ka riƙe wannan tarihin a ranka in kana sauraro, domin fushin da ke ciki na mutanen da aka wulaƙanta ne, kuma rabin abin barkwanci ne. Ɗauki "Diary of a Madman". Tana buɗewa ne a kotu: mace na kururuwa an kashe mata ɗa, alƙali na neman a yi shiru, lauya na roƙon a ɗauki waɗanda ake tuhuma a matsayin masu taɓin hankali. Sannan kowa ya miƙe ya ba da labarinsa bisa wata murya mai kama da kukan fatalwa da ke ta maimaituwa. Wasan kwaikwayo ne tsaf, da labule da 'yan wasa. Prince Paul gwanin irin wannan ne, tun a De La Soul shi ya yaɗa al'adar saka gajerun wasanni tsakanin waƙoƙi. Tsoron da ke 6 Feet Deep a baki yake, a cikin kalmomi da labari, kuma mai jin Turancin titin New York zai yi dariya fiye da yadda zai firgita.

Mystic Stylez ba haka ba. Su Three 6 Mafia 'yan Memphis ne, babu kamfanin da ya kore su, domin babu wanda ya taɓa sanin da zamansu. Memphis ta jihar Tennessee a lokacin ba ta cikin lissafin masu harkar gambara, ido na kan New York da Los Angeles. Garin da aka san shi da mawaƙi Elvis Presley da kamfanin waƙa na Stax ne, ga talauci, ga hodar iblis ta cika unguwannin baƙar fata, ga kashe-kashe. Matasa suka ƙirƙiri tasu kasuwar: a naɗi waƙa a ɗaki, a kwafa a kaset, a kai shagunan da ke saka rediyon mota, a sayar a makaranta da bakin kulob, kamar dai yadda fim ɗin Hausa ya tashi da kaset a Ƙofar Wambai ba tare da jiran kowa ba. DJ Spanish Fly ne ya share fagen, sai irin su DJ Squeeky da Tommy Wright III. A wannan kasuwar DJ Paul na kudancin garin da Juicy J na arewacinsa suka yi suna kowa da kasetinsa kafin su haɗe.

Da kuɗin aljihunsu suka yi kundin, ya fito a watan Mayu na 1995 ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsu Prophet, wani dillalin faifai na Memphis mai suna Select-O-Hits ya rarraba. Su shida ne: Paul da Juicy, Lord Infamous, Koopsta Knicca, Crunchy Black, da Gangsta Boo, wadda shekararta 15 lokacin da kundin ya fito. Ka sake duba wannan adadin, ka saurari yadda yarinyar ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da maza.

A nan tsoron a cikin kiɗan yake. Gangar na'urar 808 mai ƙugi tana tafiya a hankali, a samanta ƙananan kaɗe-kaɗe na gudu kamar ana yayyafi a kan kwano, ga 'yan maɓallan piyano uku ko huɗu irin na finafinan ban tsoro suna zagaye ba sa zuwa ko'ina. Sai a yanko guntuwar murya daga tsohon kasetinsu a yi ta maimaita ta har ta zama kamar surkulle. Sautin bai fita tas ba, akwai shuu ɗin kaset da dusashewa, kuma wannan rashin tsaftar ita ta ƙara masa duhu. Koopsta yana rera nasa da siririyar murya kamar mai magana cikin barci. Lord Infamous kuwa yana sara kalmomi uku-uku a kan kowane bugu, da sauri, da murya ƙasa-ƙasa. Ko ba ka jin kalma ɗaya, in ka saka shi da dare kai kaɗai za ka waiwaya. Babu dariya a ciki, babu labule da zai nuna maka wasa ake. Har Bone Thugs-N-Harmony na Cleveland suka caccaka a "Live by Yo Rep", suna zarginsu da satar salo.

In a kan iya aiki ne, ni dai 6 Feet Deep na ba wa. Bai kai awa ɗaya ba, kowace waƙa da inda ta dosa, Poetic kuma marubuci ne na gaske. Mystic Stylez ya haura awa guda, yana da maimaici, wasu waƙoƙin sun yi tsawon da bai kamata ba, kuma akwai kalamai kan mata da ba su da daɗin ji ko kaɗan.

Amma batun bari baya, labarin ya juye. Gravediggaz sun sake kundi a 1997 wanda ya rage aljanu ya ƙara wa'azi da siyasa, daga nan Prince Paul da RZA suka koma harkokinsu, Poetic ya rasu a 2001 da ciwon dajin hanji. Kundinsu na farko ya zama abin da masana ke girmamawa, ana jin ƙamshinsa a wajen masu barkwancin jini irin su Eminem na farko-farko, amma ba za ka nuna wani salon kiɗa na yau ka ce ga jikansa ba. Abin da ya dogara da kalma da wasan kwaikwayo yana da wuyar gado, sai mai irin wannan basirar.

Na Memphis kuwa tsari ne da kowane yaro mai kwamfuta zai iya ɗauka. Three 6 Mafia da kansu sun tashi daga kaset zuwa sayar da kwafi miliyan a 2000, suka ci kyautar Oscar a 2006 da waƙar fim ɗin Hustle & Flow. Sarar uku-uku ta Lord Infamous ita ce Migos suka cika duniya da ita daga 2013, shekarar da shi ya rasu. SpaceGhostPurrp a Miami ya tono tsofaffin kasetin Memphis, daga nan aka samu salon phonk, matasan Rasha suka ɗauka suka ƙara masa gudu da ƙarar ƙararrawa. Wannan kiɗan da kake ji a bidiyoyin TikTok na motoci da 'yan ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe, da wata dusasshiyar murya a ƙasa, jininsa na Memphis ne, sau da yawa ma muryar wani mawaƙin garin ce ta shekarun 1990 da ba a biya shi ko sisi ba. A 2020 DJ Paul da Juicy J sun maka $uicideboy$ na New Orleans a kotu kan yankar musu sauti ba izini. Koopsta ya rasu a 2015, Gangsta Boo a ranar farko ta 2023.

Saura maganar Shaiɗan. Three 6 Mafia a da suna amfani da sunan Triple Six, wato 666, lambar da Kiristoci ke dangantawa da dabbar ƙarshen zamani, kuma kundin cike yake da irin waɗannan kalamai, musamman a bakin Lord Infamous. Su dai sun sha musanta cewa addini ne, sun ce finafinan ban tsoro suka taso suna kallo, Juicy J ma ɗan mai wa'azin coci ne. Gravediggaz kuwa matattun da suke cewa za su tayar matattun tunani ne, fahimtar da RZA ya ɗauko daga ƙungiyar Five Percent da Clarence 13X ya kafa a Harlem bayan ya fice daga Nation of Islam. Za ka ji kalmomin da suka yi kama da namu a waƙoƙinsu, kada su ruɗe ka, aƙidar ba Musulunci ba ce, domin suna kiran baƙin mutum da sunan Ubangiji. Don haka in gudun kalaman da suka saɓa wa imani kake, na New York ɗin ma bai tsira ba, kuma duka biyun ba na sakawa a gaban yara ba ne. In nazarin yadda aka gina su ne ya kawo ka, fara da Gravediggaz da rubutattun baitocin a gabanka, sannan ka nemi Mystic Stylez da lasifika mai ɗaukar ƙugi, domin a bakin waya rabin kundin ba ya fitowa.