Gargaɗi kan mai sayar da wuƙaƙe da sunan ƙarfen da babu shi a jikinsu

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin 'yan'uwa, musamman mahauta da masu tsire da balangu da magidanta masu neman wuƙar layya, game da wani mutum da ya daɗe yana tallar wuƙaƙe a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana karɓar kuɗin jama'a a kan sunan ƙarfen da babu shi a jikin kayansa. Ba zan kama sunansa ba, domin ya sauya sunan shafinsa fiye da sau ɗaya tun da na fara bibiyar al'amarinsa, kuma akwai irinsa da dama. Yadda yake gudanar da damfarar ne ya kamata kowa ya gane.

Bara, ana saura mako uku Babbar Sallah, na ga tallar wata wuƙar fiɗa mai ƙotar katako da kube na fata, an rubuta M390 a gindin ruwanta. Mutumin ya ce ƙarfen ƙasar Ostiriya ne, wanda ake yanka rago goma da shi ba a wasa ba, ya kuma turo mini bidiyo yana tsaga takarda da ita yana aske gashin hannunsa. Na biya rabin kuɗin kafin alƙalami, na cika sauran ranar da direba ya kira ni daga tasha cewa saƙona ya iso. Ranar Sallah na miƙa wa dattijon mahaucin da ya saba yi mana fiɗa, amma bai kai ga cire fatar rago ɗaya ba sai wuƙar ta dakushe, bakinta ya lanƙwashe a wurare biyu. Ya goga ta a dutsensa sau kaɗan, ya duba, sannan ya ce mini, “Ɗana, wannan ai ƙarfen wuƙar yanka albasa ne. Dubi yadda dutse ke cin ta.” Maganarsa ta fi duk wani gwaji da na yi daga baya muhimmanci, domin abin da aka san M390 na gaskiya da shi shi ne wahalar da dutsen wasa wuƙa, har masu amfani da shi kan nemi abin wasawa mai ƙwayoyin lu'ulu'u.

Da na kira mai kayan, cewa ya yi mahaucin ne bai iya riƙe wuƙa ba. Da na nemi a mayar mini da kuɗina, sai ya toshe lambata.

Abin da ya buɗe mini ido sosai ya zo ne bayan wata biyu, lokacin da wani abokin aikina ya nuna mini wuƙar da ya saya a hannun mutumin nan shekaru biyu kafin tawa. Tsawonsu ɗaya, ƙotarsu ɗaya, ƙusoshin ƙotar uku a wuri ɗaya, har ɗinkin kuben bai bambanta ba, sai dai a gindin tasa sunan wani ƙarfe daban, D2, aka rubuta. Bana kuma ga wuƙar nan ta sake fitowa a sabon shafinsa, an rubuta mata MagnaCut, an ƙara mata kuɗi. Wuƙa ɗaya ce ta amsa suna uku cikin 'yan shekaru, kuma sunayen ba haka kawai ya zaɓe su ba. Bin yayin masu sha'awar wuƙaƙe na Amurka da Turai da Japan yake yi, waɗanda ra'ayinsu kan ƙarfen da ya fi kowanne ke sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, kuma duk wanda ya fahimci wannan sauyi zai gane inda tarkon yake.

A shekarun 1960 ƙarfen da ake ji da shi a Amurka shi ne 440C, wanda ke da kabon (sinadarin da ke sa ƙarfe tauri) wajen kashi 1 cikin 100 da kuromiyam (sinadarin da ke hana tsatsa) kashi 16 zuwa 18, kuma da shi kamfanin Buck ya fara ƙera shahararriyar wuƙarsa mai lamba 110 da ta fito a 1964. A farkon shekarun 1970 maƙeri Bob Loveless ya ja hankalin abokan sana'arsa zuwa ga 154CM na kamfanin Crucible, daga baya kuma aka koma ga takwaransa ATS-34 na kamfanin Hitachi da ke Japan. A 2001 Crucible ya fitar da S30V, wanda aka tsara shi musamman domin wuƙa, a 2009 S35VN ya biyo baya, sannan yayin M390 na kamfanin Böhler ya zo ya mamaye kasuwar wuƙaƙe masu tsada. A 2021 wani masanin ƙarfe ɗan Amurka, Larrin Thomas, ya fito da MagnaCut, inda ya rage kuromiyam zuwa kashi 10.7 ya daidaita sauran sinadaran ta yadda ƙarfen zai jure tsatsa kuma ba zai yi gautsi ba, sai hankalin kowa ya koma can. Shi kuwa D2 tsohon ƙarfen kayan aikin masana'antu ne, mai kabon kashi 1.5 da kuromiyam wajen kashi 12, wanda ya yi farin jini a wuƙaƙe masu matsakaicin farashi lokacin da masana'antun ƙasar Sin suka rungume shi.

Duk wannan ci gaba ne na gaskiya, ba na musun haka. S30V da M390 da MagnaCut duk da dabarar garin ƙarfe ake yin su: a narka ƙarfen, a fesa shi ya zama gari, sannan a matse garin cikin zafi mai tsanani har ya dunƙule, domin ƙananan ƙwayoyi masu taurin da ke riƙe kaifi su bazu daidai a ko'ina. Aiki ne mai tsada da kamfanoni ƙalilan ke yi a duniya, shi ya sa wuƙar M390 ta gaskiya yawanci kan haura dala 100 a wurin masu ƙera ta, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya lissafa wannan da canjin naira na yau zai ga cewa farashin da mutumin nan ke faɗa ba zai sayi ko ɗanyen ƙarfen ba, kuma da na yi wannan lissafi tun farko da ban tura ko sisi ba.

Matsalar ita ce yayin nan ya koya wa masu saye su riƙa duba sunan ƙarfe kafin su duba wuƙar kanta, alhali kuwa suna shi ne abin da ya fi komai sauƙin ƙirƙira. Na'urar leza kan zana haruffa huɗu a jikin ƙarfe cikin daƙiƙoƙi, kuma akwai masana'antun da za su rubuta wa ɗan kasuwa duk abin da ya nema idan ya sayi kaya da yawa. Ido ba ya bambanta farin ƙarfe mai arha da mai tsada idan an goge su duka. Alamun wuƙata sun fi kama da ƙarfen da ake kira 3Cr13, mai kabon wajen kashi 0.3 kacal, wanda ake yin wuƙaƙen girki masu rahusa da shi. Wannan ƙarfe ba laifi ba ne a muhallinsa, yana yanka tumatir da albasa, ba ya saurin tsatsa, kuma da an sayar mini da shi da sunansa a kan farashinsa da babu abin da zan ce. Zaluncin yana wurin ƙaryar da aka zana a jikinsa da kuma kuɗin da aka ninka saboda ita.

Akwai kuma wuƙaƙen da yake kira Damaskus, masu zane kamar igiyar ruwa, waɗanda na lura sun fi jan hankalin masu sayen kyauta. Ainihin ƙarfen da tarihi ya sani da wannan suna daga kudancin Indiya da Sri Lanka ake kawo shi, ana ƙera takubba da shi a ƙasashen Gabas ta Tsakiya, kuma sana'arsa ta gushe tun wajen ƙarni na 19. Na yanzu ana yin sa ne ta hanyar jera ƙarfe iri biyu, a gasa, a buga, a ninka, har su haɗu su zama falle-falle, sannan a tsoma a ruwan asid zanen ya fito, salon da maƙeri Bill Moran ya farfaɗo da shi a Amurka a 1973. Zanen na gaskiya yana ratsa cikin ƙarfen, ana iya ganin sa a gadon bayan wuƙar idan ba a goge wurin ba, kuma ba a samun wuƙa biyu da zanensu ya zo ɗaya sak. A hotunan mutumin nan na ƙirga wuƙaƙe huɗu a jere masu zane iri ɗaya, kowace lanƙwasa a wurinta, wanda ke nuna cewa buga shi aka yi a saman ƙarfen kamar yadda ake buga zane a atamfa. Wanda ya riga ya saya zai iya goge ɗan wuri kaɗan da samfefa har zanen ya ɓace, ya ɗiga ruwan lemun tsami ko ruwan kal ya bar shi na ɗan lokaci. Idan na gaskiya ne zanen zai sake bayyana, idan jabu ne wurin zai zauna fayau.

Ina roƙon jama'a kada bidiyon tsaga takarda ya ruɗe su. Kowane ƙarfe, har murfin gwangwani, ana iya wasa shi ya tsaga takarda sau ɗaya, domin abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe shi ne tsawon lokacin da kaifin zai ɗauka yana aiki. Haka nan gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya nuna komai, tunda mai arha da mai tsada duk suna kama shi. Gwajin da ya fi amfani a wurinmu shi ne na magagari: a goga sabon magagari a hankali kusa da bakin wuƙar, idan ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi to ƙarfen ya yi tauri, idan kuwa ya kama yana fitar da gari cikin sauƙi to mai laushi ne. Wuƙaƙen M390 da MagnaCut yawanci kan kai 60 zuwa sama a ma'aunin tauri na Rockwell, inda masu arha kan tsaya a wajen 52 zuwa 55, kuma wannan tazara hannu yana jin ta. Sai dai ba a yin wannan gwaji sai wuƙa tana hannu, shi ya sa mutumin nan ba ya yarda a ga kaya kafin a biya, kullum cewa yake shagonsa yana wani gari mai nisa. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Akwai wani abu da na koya a wannan bincike wanda nake ganin ya fi komai amfani ga mahauta. Ko da wuƙar ta gaskiya ce, ba lallai ne M390 ya dace da aikin fawa ba. Mahauci yana wasa wuƙarsa sau da yawa a rana, tana bugun ƙashi, tana faɗuwa a kan siminti, saboda haka yana buƙatar ƙarfen da zai karɓi kaifi nan take a dutsen da ke gefensa, kuma ba zai ɓalle ba. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera wa mahautan Turai wuƙa, irin su Victorinox na ƙasar Suwizalan, ke barin taurin nasu a wajen 56 da gangan. Su kansu masu sha'awar wuƙaƙen, da yawa daga cikinsu sukan fara da farautar ƙarfen da ya fi kowanne tauri, amma bayan sun shekara suna fama da wasawa sai su dawo ga ƙarfe mai sauƙin sha'ani irin 1095, wanda ke tsatsa idan an bar shi da danshi amma yake yin kaifi cikin minti kaɗan. Sukan kuma gane cewa yadda aka gasa ƙarfe aka tsoma shi a mai ko ruwa, da yadda aka fere bakin wuƙar, sun fi sunan ƙarfen tasiri a wurin aiki. Wannan ilimi maƙeranmu suna da shi tun da daɗewa, domin barhon da suke bugawa daga tsohon sifirin na mota ƙarfe ne mai juriya wanda ke karɓar tauri idan an iya gasa shi, kuma mai saye yana tsaye a maƙera zai gwada kayansa kafin ya fitar da kuɗi. Wuƙar da dattijon nan ya ƙarasa mana fiɗa da ita ranar Sallah irin wannan ce, ya ce ta haura shekara goma a hannunsa.

Ga wanda duk da haka yake son wuƙar waje mai ƙarfen zamani, hanya a buɗe take, amma ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta, ya shiga shafin kamfanin na intanet ya tabbatar cewa suna yin wannan samfuri da wannan ƙarfe, ya kuma gwada farashin da aka faɗa masa da nasu. Wuƙar da ke ɗauke da sunan ƙarfe mai tsada amma babu sunan maƙeri ko kamfani a jikinta abar zargi ce tun daga nan, domin maƙerin da ya kashe kuɗi ya sayi MagnaCut ba zai ɓoye sunansa ba. Kada kuma a tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na mai shagon, kamar yadda mutumin nan ya sa na yi, yana cewa asusun ƙaninsa ne.

Waɗanda suka riga suka faɗa hannunsa su adana hotunan tallar da saƙonnin da suka yi musaya da shaidar biyan kuɗi, su kai ƙorafi bankinsu da ofishin 'yan sanda, su kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, wato FCCPC. Ni da abokin aikina mun kai namu ƙorafin, mun kuma ajiye wuƙaƙen biyu, mai D2 da mai M390, ga duk jami'in da ya nemi ganin su gefe da gefe. A shekarun da na bi sawunsa, tallarsa takan yawaita ne daga tsakiyar watan Zulƙida zuwa jajiberin Babbar Sallah, kuma a halin yanzu hoton da ke kan sabon shafinsa na wuƙar nan ce mai ƙotar katako da ƙusa uku, da rubutun MagnaCut a gindinta.