Daga Faransa zuwa Agege: labarin kafaɗata

Yaya, gaisuwa mai yawa. A gaida Inna da yaran filinmu.

Ka ce in ba ka labarin yadda ake kula da lafiyar 'yan wasan alkafura da lilo a nan Faransa. To, kafaɗar nan tawa ta dama, wadda na yi shekara uku ina shafa mata Aboniki ina hawa igiya, ita ta fara tona min asiri. Sati na biyu mai koyar da mu ta ga ina yamutsa fuska a kan ƙyallen lilo, ta ce in sauko. Na ce ba komai, irin ta gida. Ko kallona ba ta yi ba.

Ganin likita Yuro 30 ne, inshorar gwamnati ta mayar da kashi 70 cikin ɗari. Shi ya rubuta min takardar zuwa wurin likitar gashin ƙashi, wadda suke ce wa kine, nan kuma kashi 60 ake mayarwa. Na zaci tausa zan sha. Ina! Roba mai talewa ta miƙo min, wai ƙananan tsokoki huɗun da ke riƙe kan ƙashin kafaɗa ne suka yi rauni, manyan na waje suka fi ƙarfinsu. Ni da nake ɗaga ƙato a wuya, robar yara ta sa ni gumi. Wata biyu ina wannan, yanzu ina kwanciya a kan hannun dama.

Tiramol da ake miƙa wa yaro a bakin tasha, nan sai da takardar likita. Ko Ibuprofen tun 2020 bayan kanta yake, sai ka tambaya.

Amma kada ka ɗauka aljanna ce. A Agege in ka yi targaɗe da la'asar, kafin magariba mai ɗori ya zo har gida. Nan na yi kwanaki ina jiran layi, ga sanyi yana cin ƙashi.

Katifun atisayensu kam sun fi ƙarfinmu, amma robar nan za a samu a Legas. Ka sa yaran su riƙa ɗumama jiki kafin alkafura. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, a kai shi asibitin ƙashi na Igbobi a ɗauki hoto, ko da mai ɗori ya mayar.

In an sami mai zuwa, a aiko min Aboniki biyu. Ban da kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.